Rasuwar Ƴar Ɗorawa, Jarkar Inna Marta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta gama yarda da abin da ya faru ba, iyalan gidan Malam Amos na Gidan Amumune suna sanar da ƴan uwa, maƙwabta, ƴan zumuntar mata na majami'a, da duk macen da ta taɓa bin layi a famfon unguwa, rasuwar jarkarsu Ƴar Ɗorawa. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Talata da hantsi, a tsakar gida, a hannun uwar ɗakinta Inna Marta, bayan doguwar jinya. Shekara goma sha bakwai ta yi tana aiki, ba a taɓa jin ta nemi hutun yini ɗaya ba.

Mu faɗa wa jama'a gaskiya tun da wuri: sanarwar nan ta makara da kwana uku, saboda an sha gardama kan inda za a kai gawar. Simon, autan Inna Marta, wanda ke aiki a Tasawa kuma za a kawo masa amarya Asabar ta sama, ya ce juji. Inna Marta ta ce ba a haifi mai kai ta juji ba. Duk wanda ya san baiwar Allahn nan ya san ba ta taɓa jefar da komai ba tun ranar da aka kawo ta gidan, ko da zaren bakin buhu ne.

Marigayiyar ba ƴar gari ba ce. Daga nesa ta zo, cike da man girki lita ashirin da biyar, ta sauka a kasuwar Tasawa, inda wani mai kanti ya juye abin da ke cikinta ya ture ta gefe, wai ta gama amfani. A nan Inna Marta ta gan ta. A kan cinya ta riƙo ta cikin mota har gida, ta wanke ta da toka da yashi da ruwan zafi sau huɗu. Duk da haka wata guda cur mutanen gidan suka yi suna shan ruwa mai ƙanshin ƙosai. Malam Amos yana ta tsaki, ita kuwa tana cewa ai ƙari aka yi masa.

Shekara tara tana ɗaukar ruwa. Wanda bai san halinta ba ya tambayi matan famfo. A can jarka ce ke riƙe wa mace layi: ki ajiye taki bayan ta maƙwabciya, ki koma ki ƙarasa daka, ki dawo ki tarar an matsar da ita gaba. Ƴar Ɗorawa ba ta taɓa tsallake kowa ba, ba a kuma taɓa tsallake ta ba, don kowa ya san bakin da ke bayanta. Maƙwabciyarmu Zara'u ta shaida cewa akwai safiyar da ta gaishe da jarkar har da tambayar gajiya kafin ta lura Marta ba ta wurin. Shekarar da famfon ya lalace wata biyu, marigayiyar ce ta riƙa zuwa rijiyar wani ƙauye a kan Inna Marta, sawu biyu kowace rana. Da ruwan nan aka riƙa yi wa Simon wanka yana tafiya lakwal, wato makaranta, fes, shi da yau yake kau da kai in ya wuce ta.

Muryarta ba za ta bar kunnuwanmu ba. In tana cike ana tsiyaya, sai ta ce gulum, gulum, gulum, a natse, kamar dattijuwa mai ba da shawara. In babu komai a cikinta wani ya yi tuntuɓe da ita, sai ta ce ɓam, sau ɗaya, ba ta ƙarawa. Da wannan ɓam ɗin ta fitar da zumuntar mata kunya wata Kirsimeti da fatar ganga ta fashe ana tsakiyar waƙa. Aka ɗauko ta a guje, aka kifa ta, aka ƙarasa sujada lafiya, har wasu na cewa ta fi gangar amo.

Ba za mu ɓoye cewa ta sha fama da lalura ba. Murfinta ya ɓace tun a shekara ta uku, ta ƙarasa rayuwa da toshiyar totuwar masara naɗe da leda, ba ta taɓa ƙorafi ba. Da yoyo ya fara, likitanta shi ne Rufa'i mai liƙin roba, wanda ke zama a gindin itacen bedi ranar kasuwa da kaskon gawayi da tsohuwar wuƙa. Sau bakwai ya yi mata aiki, kowane faci daga jikin wata butar da ta riga ta tafiya, wani kore, wani ja, wani shuɗi. Da ruwa ya ƙi zama a cikinta gaba ɗaya, a wani gidan da sun ce shi ke nan. Inna Marta ta ce canjin aiki za a yi mata. Ta zama ma'ajiyar irin wake, ana cakuɗa shi da toka a ɗura, damina huɗu ƙwaro bai ga ƙwaya ɗaya ba. A tsakanin nan ta yi aikin kujera ga baƙi, har Fasto ya zauna a kanta sau biyu, ta ɗauke shi ba tare da ta nuna nauyinsa ba.

Shekara huɗu da suka wuce wuyanta ya tsage. Inna Marta ta sa wuƙa ta yanke saman, ƙasan ya zama bokiti. Wannan shi ne aikinta na ƙarshe, kuma ba ƙarami ba ne, domin a gidan nan ruwa ba ya yin aiki ɗaya ya tafi. Ƙasarin wanke gero na awaki ne. Ruwan ɗauraye kwano shi zai wanke tukunya, in ya gama da tukunya ya taru a cikin marigayiyar, da yamma a kai wa kuɓewa da yakuwar bayan ɗaki.

Rana ce ta cinye ta a hankali. Launin ɗorawar da ya ba ta suna ya koɗe ya koma fari, jikinta ya bushe har in an taɓa baki sai ya gutsure. Ranar Talata Inna Marta ta sunkuya ta ɗaga ta kamar kullum. Aka ji ƙas, wanda shi ne furucinta na ƙarshe. Gindin ya zauna a ƙasa, ruwan ya bi ƙafafun Inna, sauran jikin ya taho a hannunta. Ba ta jira ranar kasuwa ba, ta naɗe ta a tsohon zane ta bi Rufa'i har gida. Ya juya ta, ya matsa da yatsa, ya girgiza kai.

"Inna, sai haƙuri," in ji shi. "Robar ta mutu. Ko na sa wuta ba za ta kama ba."

Ta rasu ta bar ɗa ɗaya, wato saman da aka yanke, wanda yanzu mazurari ne a teburin Yusha'u mai sayar da man moto, wato babur, kuma ana yaba aikinsa. Gindin da ya cire, kafin la'asar har ya kama aikin ba kaji ruwa. Ta bar ƙanne masu yawa a gidan: gwangwanayen tumatir masu riƙe gishiri da daddawa, buhunan shinkafa da aka warware aka tufka igiya, wani tsohon takalmin Malam Amos da ke riƙe ƙofar garken awaki shekara shida, da ledoji wankakku da ke shanye a kan danga waɗanda ba wanda ya san adadinsu sai mai su.

Yanzu ga maganar gardama. Simon ya iso tun Litinin da sabuwar jarka shuɗiya ɗaure a bayan moto, da niyyar share gida kafin dangin amarya su zo jere daga Kanan-Bakashe. Ba mu ce ba shi da gaskiya ba, don tsakar gidan nan, wallahi, sai mutum ya san hanya yake ratsa ta. Ya loda amalanken jaki guda na tarkace ya kai juji. Inna Marta ta fita da sassafe ta dawo da rabi. Amma da ya miƙa hannu ga gawar Ƴar Ɗorawa ranar Laraba, sai ta taka ta da ƙafa.

"Inna, don Allah," in ji Simon. "Mutanen nan za su shigo su ce gidan bola suka kawo ɗiyarsu. Ga sabuwa na kawo miki. Wannan ta gama aikinta."

Inna Marta ta dube shi.

"Na ji, Auta. Sabuwa ta zo, tsohuwa ta gama aikinta, sai juji. To in ka kai ta, kada ka kwance jakin. Ka dawo da amalanken ka tsayar a ƙofa, don ranar Asabar ma sabuwa za ta zo."

Mu da muka zaci rigimar jarka ce, sai a lokacin muka gane tsoro Inna Marta take ji. Shekara arba'in ita ce ta san inda kowace allura take a gidan nan, ga shi yanzu tana hango ranar da za a shimfiɗa mata tabarma a inuwa, a gaishe ta da ladabi, a wuce ba a tambaye ta komai ba. Idon Simon ya cika da ƙwalla, ya je ya kwance jakin da kansa. Sai dai ɗan Inna Marta ne, taurin kan bai tsallake shi ba: ya ce ya janye maganar juji, amma ba zai yarda baƙi su tarar da fasasshiyar roba tana yawo a tsakar gida ba. Kwana biyu ana haka. Malam Amos, wanda ba abin da yake nema sai ya sha furarsa cikin kwanciyar hankali, shi ya ce to a binne ta mana, kamar kowane mai mutunci. Uwa da ɗa suka amince, kowannensu na ganin shi ya ci.

Saboda haka za a yi jana'iza jibi Lahadi, bayan an tashi sujada. Inna Marta ce ta zaɓi makwanci, dab da ƙofar sabon ɗakin amarya. Simon ne zai haƙa. Ba likkafani, ba akwati. Za a saka marigayiyar a tsaye, ƙasa ta rufe ta zuwa ƙugu, bakinta na kallon sama, a cika cikinta da ƙasa da takin awaki. Daga nan Zara'u za ta miƙo dashen zogalen da ta raina a gwangwani, a dasa a tsakiya, don gawar ta tare masa ruwa kada ya malale. Simon ya san da maganar binnewa. Maganar zogalen ce bai sani ba, kuma muna roƙon jama'a su bar shi ya gama haƙa tukuna.

Masu zuwa ta'aziyya kada su wahalar da kansu da komai sabo. Kowa ya riƙo moɗa ɗaya ta ruwan da ya riga ya yi wani aiki, na wanke hannu ma ya isa. Allah ya ba mu haƙurin rashi.

Ban ruwan kabarin daga ranar Asabar aikin amarya Rebeka ne. Sai dai Inna Marta ta ce yarinyar ba za ta san yawan ruwan da ake zubawa ba, dole ta riƙa tsayawa kusa da ita kowace safiya tana nuna mata, har ranar da ta iya. Malam Amos ya tambaye ta kwana nawa ke nan, tunda zogale ko a kan juji fitowa yake. Ta ce wannan ba irin sauran ba ne, zai ɗauki shekaru.