Rasuwar Mai Ido Ɗaya, Kyamarar Bindigar Bassu u Mimun

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙirji mai nauyi kamar an aza masa dutsen niƙa, ni Bassu u Mimun na ƙauyen Ait Ughbal nake sanar da maharban ƙungiyarmu, da masu kora mana namun daji daga kurmi, da duk wanda ya taɓa shan shayi a gidana, rasuwar kyamarar bindigata, wadda muke kira Mai Ido Ɗaya. Ta rasu ranar Litinin bayan la'asar, tana da shekara biyu da 'yan watanni a hannuna.

Ban yi makaranta ba, ban kuma ga abin da hakan ya rage ni da shi ba. Si Driss mai rubuta wasiƙu a kasuwar Laraba ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Ya ƙi sa salatin da ake buɗe irin wannan takarda da shi, wai ba a yi wa ƙarfe da gilashi. Na bar shi, ya fi ni karatu. Amma bai fi ni sanin abin da na rasa ba.

Wanda bai san ni ba ya tambaya. Ni ne na kwana uku cikin dusar ƙanƙara a kan tsauni shekarar da tumaki suka ƙare, na sauko da ƙafata. Ni ne halluf, aladen dajin nan mai cinye mana masara da dankali, ya farke wa cinya tun daga gwiwa, na ɗaure da rawani, na tashi na gama da shi. Shekara hamsin da ɗaya ina tsayawa a layin maharba, a dutse na uku daga rafi, inda manyan aladun ke ɓullowa. Ba a taɓa ba kowa wannan dutse ba ina raye.

Marigayiyar ta zo ne daga ƙasar Sifen cikin jakar 'yata Rabha, wadda ke aiki a can. Ta ce, "Baba, kullum kana cewa da harsashi ɗaya ka kayar, da harsashi ɗaya ka kayar, mutane na dariya a bayan idonka. Ga mai shaida na kawo maka." Ta ɗaure ta ƙarƙashin bakin bindiga da kusoshi biyu. Tun daga ranar, duk inda bindiga ta duba nan take dubawa.

Mai ladabi ce. Ba ta cin komai sai 'yar wuta ranar Asabar. In ta farka ta ce "ɗit", sau ɗaya, ta kunna jan idonta. In yunwa ta kama ta ta ce "ɗit-ɗit", a hankali, ba ta ƙarawa. Ba ta taɓa tari a layi ba, ba kamar wasu da ba zan kira suna ba. Ita ta rufe bakin Si Abdelkebir, shugaban ƙungiya, ranar da ya ce harsashinsa ne ya kayar da halluf mai karyayyen hauren nan. A gidan shayi aka kalla a waya, har sau tara, aka miƙo mini hauren da hannu biyu.

Aibinta ɗaya. Ba ta san girma ba, ba ta san abin da ake rufa wa dattijo ba.

Ciwon ajalinta ya faro ranar Lahadin da ta wuce. Masu kora sun shigo kurmi da karnuka suna buga gwangwani. Dokarmu kowa ya san ta, ni na koya wa rabin masu riƙe bindiga a kwarin nan: ba a harbin motsi, ba a harbin ƙara, sai ka ga kunne da hanci. Ganye ya motsa a gabana. Na ga abu mai ruwan ƙasa, a duƙe, mai faɗin baya. Na ga kunne. Har yau zan rantse na ga kunne. Na danna kunama.

Babu abin da ya faɗi. Na ce wa jama'a ƙato ne, na same shi a kafaɗa, ya tsere da rauni. Aka bazu neman jini. Addi, babban mai kora, wanda muka yi kiwon awaki tare tun ba mu san wando ba, shi ya fi kowa daɗewa yana dubawa. Da ya gaji ya zo kusa da ni ya ce, "Tsohon banza, wannan naka ba shi da jini a jiki." Na ce, "Idonka ne ya mutu, jikan makafi." Bai rama ba. Shi Addi da ba a taɓa zaginsa ya yi shiru ba.

Washegari Rabha, da ke gida hutu, ta zare ɗan katin da ke cikin marigayiyar ta sa a wayarta, muka zauna kallo. Na farko da na gani bakin bindiga ne, yana rawa kamar wutsiyar akuya. Sai wani numfashi kamar zugazugin maƙeri, na tambayi na wane ne, ta ce nawa. Sai abin mai ruwan ƙasa. Jallabiyar Addi ce, irin tamu mai hula ɗinke a wuya. Ya duƙa yana cire wa kare ƙaya, kunnen da na gani tsinin hular jallabiyar ne. Bindiga ta tashi, hular ta yi tsalle. Addi ya kwanta rub da ciki, ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya tashi, ya kakkaɓe, ya cusa hular cikin wuyansa.

Na ce, "Ƙarya take yi."

Rabha ta ce, "Da ta ƙwato maka haure daga hannun Si Abdelkebir, ba ka ce ƙarya take yi ba."

A nan Si Driss ya ɗaga alƙalami, wai in sake tunani, takardar nan a bangon gidan shayi za a manna ta. Na ce rubuta. Gara su ji daga bakina da su kalla suna mayarwa baya. A wannan tazara ban taɓa kuskure abin da na auna ba. Da hannuna na da ne, da yau sanarwar wani ake rubutawa. Dare da rana ina gode wa Allah da rawar hannun da nake jin kunyarta, kuma ban san inda zan ajiye wannan ba.

Ga yadda rai ya yi halinsa. Rabha ta shiga madafa. Marigayiyar ta faɗo daga kan tebur ta ci karo da gindin bindiga, har sau uku. A na biyu ta ce "ɗit-ɗit". A na uku ba ta ce komai ba. Na ɗauka abin da ido ya gani a cikin ido yake zama, in ya fashe an huta. Rabha ta fito, ta dubi ɓaraguzan, ta ɗaga katin, bai fi farcen ɗan yatsa ba.

"Ba a cikinta yake ba, Baba. Ga shi nan, ga shi a wayata. Ko ka rataye bindigar nan da kanka, ko Si Abdelkebir ya gani kafin Lahadi. Ba zan koma Sifen in zauna ina tsoron kiran waya ba."

Jiya Addi ya zo gaisuwa da curin sukari a hannu, yadda ake zuwa gidan mutuwa. Jallabiyar ce a jikinsa, hular da sabon faci, zaren ma bai dace ba.

"Na ji an yi maka rashi. Allah ya ba da haƙuri. Mai gaskiya ce."

"Me ya sami hularka?"

"Asu."

"Wannan asu da ƙarfi yake."

"Tsoho ne. Bai san abin da yake ci ba."

Ya sha shayi kofi uku ya tafi. Ko matarsa bai gaya wa ba.

Marigayiyar ta bar kusoshi biyu, da igiyar da take shan wuta da ita, da maraya ɗaya, katin nan, yana hannun Rabha. Ta kuma bar abokiyar zamanta, bindigata mai baki biyu, wadda ta shiga takaba tun Litinin. Wata huɗu da kwana goma ba za ta leƙa waje ba. Na san za a rufe farautar bana kafin ta fita. Abin da za ta yi bayan nan ban tambaye ta ba, kada kowa ya tambaye ni.

Za a binne Mai Ido Ɗaya ranar Lahadi da hantsi, gindin ɓauren da ke bayan gidana. Liman ya ce ba zai zo ba, ban riƙe shi a zuciya ba. Addi ne zai haƙa. Lokacin ya faɗa daidai da fitar farauta, masu tafiya su tafi, kada a jira ni, wurina a layi a ba wanda shugaba ya ga dama. Akwai kuskus bayan azahar.

Mai zuwa gaisuwa ya zo da rana, ya biyo hanya kada ya ratso ta gona, ya yi sallama tun daga nesa, ya kuma faɗi sunansa.