Zoɓon da Ya Fasa Kwalabe a Gwaram

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar mijina ba, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ni malamar kimiyya ce a Birnin Kudu, dangin mijina suna Gwaram, kuma tun da na shigo cikinsu ake min kallon 'yar bokon da ba ta iya riƙe komai ba sai alli. Da aka zo rabon aikin biki na ce a bar min zoɓo, don in wanke kaina.

Na zuba abarba da citta da kanumfari. Na ƙi robar da kowa ke ɗurawa, na nemo kwalabe (burga ce kawai, ba wani dalili). Ina ɗurawa har baki sai surukata, Inna, ta leƙo.

"Ki rage, 'yar nan. Ruwa in ya daskare kumbura yake."

"Inna, kar a ce mun yi rowa," na ce, ina ƙara murɗa murfi. A raina har cewa na yi, ni za a koya wa halin ruwa? Abin haushin, wannan maganar tata ni nake rubuta ta a allo duk shekara, har in ja mata layi.

Muka jera su a firiza mai aiki da sola ta maƙwabciya, Hajiya, a saman naman biki. Washegari da azahar, gida cike da dangin ango, na ja mata zuwa ɗauko zoɓo ina taku ɗai-ɗai. Na ɗaga murfin firiza. Ko kwalba ɗaya ba ta tsira ba. Jar ƙanƙara tsaye, fasassun kwalabe sun cika naman.

Hajiya ta saki salati. Sai wata budurwa cikin dangin ango, tsohuwar ɗalibata, ta ɗaga murya:

"Laa, Malama! Ai ke kika koya mana! Har kin kayar da ni a tambayar nan!"

Gida ya ɗauki dariya. Aka zubar da nama, baƙi suka ci shinkafa gaya da ruwan randa. Inna ta kama kwashe fasassun kwalabe, kuma wallahi gara ta zage ni.

Yanzu ko ruwan sha zan ɗura sai na bar masa wuri. A Gwaram kuwa, in aka zo rabon aikin biki, tabarma ake ba ni in shimfiɗa.