Ranar Da Na Ɗauko Wa Istifanus Makaɗa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a ƙofar shagona na Gyaɗi-Gyaɗi ba, duk da na yi iya ƙoƙarina in manta.

Lokacin sojoji ba su daɗe da komawa bariki ba, kowa ya zama ɗan siyasa, kowa kuma yana da takardar da yake so a buga masa. Ni sana'ata ke nan, buga takardu da kwamfuta, aiki ya yi mini yawa. Sai wata maƙwabciyarmu a Tarauni, Sista Rifkatu, nas ce 'yar Filato, ta kawo mini ƙanenta Istifanus, mai shekara talatin da 'yan kai.

"Malam, ya iya aiki," in ji ta. "Amma yana da abin nan da ake kira galahanga. Hayaniya na damunsa, ba ya son a sauya masa abu ba sanarwa. Wuri uku aka sallame shi. Ya ce in nan ma bai zauna ba, ya daina fita neman aiki ke nan."

Na ɗauke shi, na ba shi teburin can lungu. Cikin sati guda na gane na yi tsintuwa, don shafi goma zai buga ba kuskure ko ɗaya. Sai dai mutumin ya tsaya mini a rai. Ka ce masa ina kwana, ya ce lafiya, shi ke nan. Ina gajiya da ina gida sai dai ka amsa wa kanka. Da an tayar da janareto sai ya cusa auduga a kunne. In aiki ya yi masa daɗi ya riƙa ɗan rausaya a kujera. Me yake gani? Me yake ji da mu ba ma ji? Ni kuwa Allah ya yi ni da son bin diddigi. Na tambayi Sista har ta fara sauya hanya in ta hango ni, na tambayi mai kemis, na tambayi mai shayin ƙofar shago (wanda ya tabbatar mini aljana ce ta aure shi).

Ana nan sai sabon kansilanmu ya zo karɓar aiki, ya ji labarin, ya yaba mini, ya ce zai dawo ranar Asabar da jama'arsa su ga shagon da ba ya ƙyamar kowa. Nan kaina ya kumbura. Na ce ai ranar ce zan karrama Istifanus, kuma ba zan gaya masa ba sai dai ya gani. A wurinmu kuwa karramawa ba kiɗa ai ba ta cika ba. Na ɗauko masu kalangu biyu da maroƙi mai lasifika, na kinkimo teburinsa daga lungu na dasa a bakin ƙofa don kowa ya gan shi. (Maganar Sista ba mantawa na yi ba. A lissafina hayaniyar faɗa take nufi, ta murna ba ta ciki.)

Ƙarfe takwas daidai, kansila da jama'arsa sun riga sun hallara, Istifanus ya iso, ya tsaya yana kallon inda teburinsa ya koma. Kafin ya ce uffan na yi wa makaɗa alama suka saki kiɗa. Maroƙin bai taɓa yi wa mai buga takardu kirari ba, sai ya kama ihu a lasifika, "Istifanus na Rifkatu, mai yatsun zinare!" Jama'ar kansila suka zagaye shi, wasu har suna masa liƙi a goshi. Shi kuwa ya toshe kunnuwa da hannu biyu, ya runtse ido.

Da mai hankali ne ni da na tsayar da abin a nan. Sai na karɓi makirfo na ce, "Jama'a, kun ga murna ta hana shi magana. Ni na san shi kamar yunwar cikina."

Kansilan ne ya ɗaga hannu aka tsayar da kiɗa. Ya matso ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, lafiya kuwa?" Ni da rawar kai na miƙa makirfon bakin Istifanus, ina jiran godiya.

"Kiɗan yana yi mini ciwo," in ji shi, duk layin na ji. "Oga ya ɗauke mini teburi. Kullum ina jin sa yana tambayar mutane labarina. Ni bai taɓa tambayata ba."

Ya ajiye kuɗin liƙin a kan teburin, ya bi ta tsakiyar jama'a ya tafi. Na tsaya da makirfo a hannu, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Wani daga baya ya ce, "To, ga mai sani nan," aka kwashe da dariya.

Dariyar ba ta dame ni kamar kujerarsa da na gani ba kowa ranar Litinin ba. Tsoro ya kama ni sosai, don na san in ya zauna a gida ni ne sila. Talata da yamma na je gidansu. Sista ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta nuna mini shi zaune a tsakar gida. Na ba shi haƙuri, sannan na yi abin da ya kamata in yi tun ranar farko.

"Istifanus, me kake so a yi maka a shagon nan?"

Ya ce, "A mayar da teburin lungu. A kai janareto bayan shago. In za a sauya abu a gaya mini tun ana gobe. Kuma ka daina tsayuwa a kaina kana kallona."

Laraba ƙarfe takwas ya shigo, ya duba lungunsa, ya zauna ya kunna kwamfuta. Shekaru muka yi tare bayan nan. Darasin da na ɗauka bai da tsawo: in kana son sanin abin da mutum ke so, yana da baki, tambaye shi. Ni sai da na tara rabin Gyaɗi-Gyaɗi da kalangu aka koya mini wannan a lasifika.