Ranar da Na Ba Malam Garba Shida Bisa Goma

Ba zan taɓa mantawa ba, ƙarfe tara da minti goma sha bakwai na safiyar wata Laraba abin ya fara lalacewa. Ba wai ina da kaifin ƙwaƙwalwa ba ne. Na'ura ce ta rubuta lokacin a gefen sunana, kuma har yau yana nan.

Lokacin ina shirin shiga ajin ƙarshe a wata sakandaren 'yan mata a Haɗejiya. Ni irin ɗalibar nan ce da malami zai shekara yana koyar da ita bai san muryarta ba. In aka jefo mini tambaya sai harshena ya yi nauyi, alhali amsar tana nan a littafina har da layi a ƙarƙashinta. Amma fa bakina ne kaɗai mai kunya, birona ba ruwansa. Babu littafin da na mallaka da ban cika gefen shafukansa da sharhi ba. Abin da na kasa faɗa a aji, a nan nake faɗarsa, kuma ba na ragawa kowa (har marubucin littafin lissafi na taɓa yi wa faɗa).

Duk shekara in kogi ya cika, 'yan ajinmu na wajen Guri da Kirikasamma sukan yi makonni ba su dawo daga hutu ba, hanya ta yanke. Shi ya sa makaranta ta shirya wa malamai horo na mako guda a cikin hutu, su koyi haɗa darasi a kwamfuta su tura wa ɗalibai ta waya. Malama Rifkatu, malamar kwamfuta 'yar Filato, ita aka ɗora wa aikin. Da yake ni ce mai kula da laburare, kullum ina nan ina jera littattafai.

A laburaren ne Malam Garba yake ɓuya ya yi gwaji. Malamin labarin ƙasa ne, ɗan masunta daga Guri, saura shekara uku ya yi ritaya, kuma duk makarantar babu darasin da nake so kamar nasa. Kwana uku ya yi yana buga darasi ɗaya da yatsa ɗaya, kamar kaza na tsintar tsaba. Ina bayan kantar littattafai na ji yana ce wa Malama Rifkatu:

"Rifkatu, ki ji ni da kyau. In na ji kunya a gaban yaran malaman nan ranar Laraba, na ajiye. A ba wani ajin, ni a bar ni da rajista."

"Haba Baba, ba za ka ji kunya ba. Ni ce fa a gefenka."

Da kunnena na ji wannan. Ku riƙe shi, don shi ya sa abin da na yi ya fi muni.

Ranar Laraba aka zaɓe mu mu huɗu mu zama kamar ɗaliban da ruwa ya tare a ƙauye. Aka zaunar da mu a laburare, kowacce da ƙaramar kwamfuta a gabanta. Malamai kusan talatin suna can zauren taro, tsallaken fili, an haska darasin Malam Garba a bango da majigi. Malama Rifkatu ta ce kowa ta rubuta sunanta. Ƙawata Falmata ta rubuta "Fal" kawai. Ni kuwa na rubuta sunana da na mahaifina da ajina da lambar rajistata, na sake dubawa sau biyu kada a samu kuskure.

Falmata ta rantse cewa kafin Malama ta fita ta ce, "Duk abin da kuka rubuta muna gani a bango." Ni dai ban ji ba. Na riga na nutse cikin karatu.

Darasin a kan ambaliya ne. Sakin layi na biyu Malam ya rubuta cewa ruwa yana iya cin gona ranar da babu ko gajimare a sama. Na tsaya. Littafinmu ba haka ya ce ba. Sai idona ya kai kan wani ɗan fili a gefen shafin inda ake iya rubutu. Wayyo, gefen shafi! Ji na yi kamar na ga ɗakin uwata. A zatona wannan kwafin nawa ne ni kaɗai, kamar takardar da ake raba mana a aji.

Tara da sha bakwai na rubuta: "Wannan ya saɓa wa littafi, shafi na arba'in da biyu."

Na ji daɗi. Na ci gaba: "Sakin layin nan ya yi tsawo, numfashi zai ƙare."

Can ƙasa sai ga labarin da kowace ɗaliba ta haddace, na yadda ciyawar kacala ta riƙe kwalekwalen kakansa kwana biyu. Na rubuta: "Kwalekwalen kakan Malam. Karo na goma sha ɗaya tun muna aji ɗaya."

Sai na jiyo dariya daga zaure. Na ce a raina, masha Allah, darasin Malam yana karɓuwa. Har daɗi na ji masa.

Na ƙara: "A nan ne zai cire hula ya sosa ƙeya."

Wannan karon ba dariya ba ce, ihu ne, har da buga tebur. (Daga baya aka gaya mini cewa a daidai lokacin da rubutun ya fito a bango, hular tana hannunsa na hagu, na dama kuma yana ƙeya.)

Da na kai ƙarshe sai na yi abin da yake yi mana a takardun jarrabawa, da kalmominsa sak: "Shida bisa goma. Zai iya fin haka in ya dage."

Falmata, wadda sai yanzu ta gangaro shafin nata, ta dafa kafaɗata.

"Ke, wannan ba sunanki ba ne?"

"Ina?"

"Ga shi nan a tawa. Har da lambar rajista. Innalillahi! 'Yar nan, kin kashe mu."

Na leƙa tata, na leƙa ta sauran biyun. Ko'ina ni ce. Na fara danne-danne ina neman gogewa, sai na ƙara aika harafin "k" guda takwas a ƙarƙashin makin. Su ma suka hau bango.

Malama Rifkatu ta shigo tana cije leɓe. Ba ta yi faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Taso." Filin nan da nake ratsawa kullum, ranar ya zame mini kamar daga Haɗejiya zuwa Baturiya a ƙafa. Na shiga zaure, ga sharhina a bango, kowane harafi ya kai tafin hannu. Wani matashin malami ya ce, "A ba sufeto kujera mana!" Aka sake fashewa. Malam Garba yana zaune, hula a cinya, bai yi dariya ba. Na durƙusa a gabansa, bakina ya ƙi buɗuwa kamar kullum.

"Tashi ki je," ya ce. Shi ke nan.

Ranar Alhamis kujerarsa a laburare babu kowa. Na jera littattafan da na riga na jera. Ba dariyar malamai ce ta dame ni ba, maganar nan ce ta "na ajiye". In ya ajiye, ni na sauke shi, kuma 'yan Guri za su rasa darasinsa saboda birona. Innata ta ce in je gidansa in ba da haƙuri. Na kai bakin layinsu sau biyu ina juyowa.

Ranar Juma'a na roƙi Malama Rifkatu ta buɗe mini darasin. Tunda a gefen shafi kaɗai nake da baki, a nan na rubuta, ƙarƙashin shida bisa goman: "Malam, na yi rashin kunya. Darasinka ne na fi so a makarantar nan. Ka yafe mini?" Na san kowa zai gani. Wannan karon da saninna.

Shiru. Mako ɗaya, mako biyu.

Ana cikin haka ruwa ya iso. Kwana biyar ba a yi ko yayyafi ba, rana tarwai, amma kogi ya tumbatsa ya shanye gonakin shinkafa na bayan gari, ruwan da aka yi can yamma ne ya gangaro. Na tsaya a kan gada ina kallo, na tuna shafi na arba'in da biyu, na ji kunya sabuwa fil.

Yanzu ina karatun koyarwa, kuma duk wanda na nuna wa yadda ake aiki da irin wannan shafi, abin da nake fara gaya masa shi ne: kafin ka rubuta, tambayi wa ke gani. Na kuma koyi cewa mai shiru ba lallai ne mai ladabi ba, wani mai shirun majigi ne kawai bai samu ba.

Ranar da aka koma makaranta aka liƙa jerin darussan da za a tura wa waɗanda ruwa ya tare. Na bi da yatsa. Labarin ƙasa: Malam Garba. Ina tsaye Malama Rifkatu ta miƙo mini kwamfuta.

"Ranar Alhamis ɗin nan da bai je laburare ba, gidana Malam Garba ya zo, wai in koya masa yadda ake mayar da amsa. Na ce in buga masa, ya ƙi. Sai jiya ya gama. Karanta."

A ƙarƙashin roƙona, ga abin da ya rubuta:

"Na yafe. Amma ki gyara lissafinki, labarin kwalekwalen karo na goma sha biyu ne. Ranar da na ba da ɗaya kina gida kina zazzaɓi. Tara bisa goma. Za ki iya fin haka in kin buɗe baki a aji."