Riƙon Ɗan Shamuwa

A Dajin Fadamar Kanya mulki na Ɓauna ne, magana ta Dila ce, ciyawa kuwa ta kowa ce bayan Ɓauna ya ƙoshi. Haka aka taso aka tarar, ba a kuma taɓa jin wanda ya yi ƙorafi sau biyu ba.

Abin da ya dami dajin tsutsa ce. Da ruwa ya sauka sai ta fito ta bi ciyawa kamar gobara. A da zabi ke tsince ta, amma 'ya'yansu sun gano masussukar mutane a bakin gari, inda hatsi ke zube, suka tafi ba su waiwayo ba. Sai majalisa ta aika kudu aka ɗauko shamuwa, kowace shekara aikin damina ɗaya. Aka ce su ci tsutsa iya cikinsu, su kwana a reshe, ruwa na ɗaukewa su ɗauke. Amma kada wadda ta kuskura ta yi sheƙa, domin a faɗar Dila, baƙon da ya ɗora kara a kan kara ya daina tunanin hanya.

Ladingo, ɗaya daga cikin shamuwar, ta san wannan doka sarai. Sai dai ƙwai ya zo mata, reshe kuma ba ya riƙe ƙwai. Sheƙarta ta fari Gwaggon Biri mai sintiri ya ture ta da ƙafa, ko tsayawa bai yi ba. Ta biyu ta ɓoye ta can ƙololuwar giginya, amma ta makara. Ɗan ya fito ne lokacin da hadari ya fara haɗuwa yana wucewa bai zubar ba. Kullum tana duba fukafukansa, gashin bai fi na ɗan tsako ba. Idan iska ta motsa ganyen giginya sai ta rufe shi da fiffike. Idan ya buɗe baki sai ta cusa masa tsutsa tun kafin ya yi kuka.

Wata safiya ta yi nisa wajen aiki, ya yi kukan, Gwaggon Biri ya ji.

Aka tara majalisa a gindin kanya, aka ajiye ɗan a tsakiyar fili yana rawar jiki. Sauran shamuwa suka jeru a reshe, kowace ta sunkuyar da kai.

Tsohuwar Zabuwa ta fara miƙewa. "Ranka ya daɗe, ni dama na faɗa! Yau sheƙa, gobe su ce fadamar ta kakansu ce. Ina 'ya'yanmu za su zauna idan sun dawo?"

"Yaushe za su dawo, Inna?" wani ya tambaya daga baya.

"Ubanka za ka tambaya!"

Aka yi 'yar dariya. Ɓauna ya huro hanci, aka yi tsit.

Ladingo ta durƙusa. "Allah ya ja zamaninka, na yi laifi. Ba gida nake nema ba. A bar ni har gashinsa ya fito, mu tafi tare. Ko ruwan fadamar ba zan ƙara sha ba."

Ɓauna ya dubi Dila, kamar yadda ya saba idan magana ta kai wurin tunani.

Dila ya gyara murya. "Jama'a, doka ba ta fushi, ba ta kuma mantuwa. Wa'adin baiwar Allah nan ya ƙare da ruwan ƙarshe, dole ta tafi. Yaron kuwa ba da shi muka yi alkawari ba, ba mu da ikon korarsa. Mu ba azzalumai ba ne. Mu masu zumunci ne, kuma a al'adarmu ɗan da uwarsa ta yi tafiya riƙo ake ba da shi." Ya ɗan dakata. "Sannan mai martaba ya sha kukan cewa kowace shekara shamuwa raguwa suke yi, wasu dazuzzuka na janye mana su. Wace uwa ce za ta bar ɗanta a nan, badi ta sauka wani daji?"

Kunnuwan Ɓauna suka motsa. "Wa zai riƙe shi?"

"Ni, ranka ya daɗe," in ji Muzuru, yana fitowa daga inuwa a hankali. "Gidana shiru, ba yara. Kamar nawa zan ɗauke shi."

Ladingo ta ɗaga ido ga 'yan uwanta, ta tarar duk gabas suke kallo. Muzuru ya ɗauki ɗan ta ƙeya, a tausashe, majalisa ta yaba da tausayinsa.

A wannan zaman aka soke tsohuwar doka. Daga badi kowace shamuwa dole ta yi sheƙa, amma sai tsakiyar damina ta wuce, kuma Gwaggon Biri ne zai tabbatar ba wadda ta yi gaggawa.

Rani ya yi wa Ladingo tsawo a kudu. Tun da yayyafin farko ta iso, ita kaɗai, ta sauka a ƙofar ramin Muzuru. Ta same shi kwance a rana, gashinsa na sheƙi.

"A'a, Maman yaro! Sannu da hanya. Kin yi sammako."

"Ina yake?"

"Yana ciki, barci yake yi. Ya girma fa, ba za ki gane shi ba."

"Bari in leƙa, ko daga nan ne."

Muzuru ya miƙa ƙafa ɗaya ya tare ƙofar. "Haba, gaggawar me? Majalisa ta ce sai aiki ya kammala a yi bikin miƙa shi. Ki yi da kyau dai, kin san ana dubawa."

Ta tsaya ta kasa kunne. Ramin shiru. Ta ƙara matsawa, ba ta ji komai ba sai numfashin Muzuru.

Can a fadama tsutsa ta fara fitowa. Ladingo ta juya, ta taka zuwa cikin ciyawa, ta sunkuya.