Tela a Hannun Sabon Likitan Ido

A layinmu na Tudun Wada akwai wani mai haɗa tabarau, Sagiru, wanda shekara da shekaru aikinsa ke nan: ka kawo takardar asibiti ya yanka maka gilashi, ƙafa ta karye ya ɗaura, noti ya kwance ya matse, a yi raha a rabu. Sai bara Allah ya nufe shi da zuwa wani ɗan ƙaramin kwas na masu haɗa tabarau, aka koya musu duba ido, aka ce yanzu aikinsu ya faɗaɗa. Tun da ya dawo muka shiga uku. Ya ɗinka farar riga har gwiwa, ya sayo 'yar tocila ya maƙala a aljihu, ko gaisawa kuke yi idonka yake leƙe. Ni kaina na daina bi ta ƙofar shagonsa, don haushi yake ba ni.

Ran nan da hantsi Baba Tanimu tela ya faɗo shagon yana haki. Notin ƙafar tabaransa ne ya faɗi, ya ɗaure ta da baƙin zare, tana ta zamewa. Ga shi kuma gobe ɗaurin auren ɗan wani tsohon soja, babbar rigar ango na hannunsa, aikin wuya bai ƙarasa ba. Sojan ya riga ya zo ya tsaya masa a ka, ya ce in rigar ba ta fito yau ba, keken ɗinkin zai ɗauka ya tafi da shi.

"Sagiru, taimaka ka sa min noti, a tsaye nake," in ji Baba Tanimu.

Sagiru ya gyara wuyan farar rigarsa ya ce, "Baba, ai yanzu an wuce wannan zamanin. Ba ma taɓa gilashi sai mun duba mai gilashin. Zauna."

"Ɗan nan, idona lafiyarsa ƙalau. Ƙafar tabaran ce ba lafiya."

"Haka kowa yake cewa, Baba. Ɗaga kai."

Kafin tsoho ya ankara, an ɗiga masa maganin nan mai buɗe ƙwayar ido, wanda in an sa wa mutum sai ya wuni ba ya ganin abin da ke kusa da shi. A kwas an koya wa Sagiru yadda ake ɗigawa, amma da alama ranar da aka ce a tambayi mutum sana'arsa tukuna bai je aji ba. Ya haska dama, ya haska hagu, ya yi gyaran murya kamar wanda ya gano wani abu, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi, Baba, idonka garau yake."

Baba Tanimu ya ɗaga tafin hannunsa ya duba, ya ga dishi-dishi. Ya zaro allura daga hularsa, ko allurar bai gani ba balle kafarta. Ya leƙa waje, rana ta doke shi ya dawo da baya. Hankalinsa ya tashi ƙwarai.

"Sagiru, me ka yi min?"

"Kada ka damu, zuwa magariba zai washe."

"Magariba? To notin fa?"

Sagiru ya jawo durowa ya birkita, ya duba ƙarƙashin tebur, babu sukundirebar matse noti babu dalilinta. Ashe tun da ya dawo ya kwashe tsofaffin kayan aikin ya kai gida, wai suna ɓata wa ofis tsari. Sai ya ƙara wa zaren Baba ƙulli ɗaya, ya ɗora masa tabaran a hanci, ya ce, "Ka lallaba da wannan. Kuma ka taya ni da addu'a, wannan ƙaramin kwas ne na yi. Baɗi nake son komawa in yi babban, aikin ya ƙara faɗaɗa."

Baba Tanimu ya miƙe yana lalube bango, ya ce, "Allah ya ba da sa'a, Likita. Amma in za ka dawo daga babban, ka biya kasuwa ka saro sandunan makafi ka jera a shagon, ni ne zan fara yi maka ciniki."