Ranar da Ardo Ya Fara Girmama Ni

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar kasuwar Kona ba, shekarar da nake ajin ƙarshe na lisansi a jami'a, a fannin tarihi da al'adun ƙasa. Memuwar ɗina (littafin nan da in ba ka rubuta shi ba, babu digiri) a kan wasan da ke tsakanin ƙabilu ne. Na karanta abin har na ƙoshi. In na fara bayaninsa da Faransanci, ni kaina birge kaina nake.

Saura hira da dattijo ɗaya, kuma farfesa ya ce in babu ita kada ma in kawo masa aikin. Kawuna Idi na Tasawa ya haɗa ni da wani tsohon Bafulatani, Ardo, wanda aka ce duk yankin babu wanda ya kai shi sani a kan wannan. Na ci farar shadda, na karkata hula, na hau moto, wato babur.

Na tarar da shi wajen masu dabbobi, mutane kewaye da shi. Ban gama sallama ba ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Af, bawan nawa ya iso? Riƙe mini akuyar nan." Na riƙe (cikin farar shadda, jama'a). Ya ce a dubi wuyana, wai yunwa gadon gidanmu ce. Ya zare hulata ya ɗora a kansa, wai kayan bawa ai na ubangidansa ne. Mutane suna ta dariya, sun zuba mini ido suna jiran abin da zan ce.

Na kuwa ce. Raina ya ɓaci har idona ya rufe. Na saki igiya na shiga yi masa lacca: zamanin bauta ya wuce, ni ɗan jami'a ne, ƙasar nan akwai doka. Har da Faransanci na sirka. Akuya kuma ta faɗa cikin tumatir ɗin wata baiwar Allah.

Ardo ya cire hular, ya kakkaɓe ta, ya miƙo mini da hannu biyu.

Da na kira Kawu ina huci, sai ya tambaye ni ko na manta asalin kakanmu. Babarbare ne. Shi Kawun ya gaya wa Ardo, don a karɓe ni kamar ɗan gida, kuma abin da ake jira kawai in rama. Shafi talatin na rubuta a kan wasan Fulani da Barebari, amma ranar da aka yi mini shi ban gane shi ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Washegari na bi shi har ruga da goro. Ya shimfiɗa mini sabuwar tabarma, ya sa aka kawo nono, yana ta ce mini ranka ya daɗe. Duk tambayar da na yi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai ku ne masu ilimi. Mu me muka sani?" Na daure na gwada tsokanarsa, na ce ai Fulani ne bayinmu. Ya ce, "Haka ne, Malam." Ko murmushi bai yi ba.

Na taso da kaye, littafin rubutuna, fari fat, memuwar kuwa sai shekarar da ta biyo. An sha zagina a duniya, amma babu zagin da ya taɓa yi mini zafi kamar ladabin tsohon nan. Yanzu in Bafulatani ya kira ni bawa, sai na yi hamdala a zuci kafin in rama.